Tambayar da Bai San Amsarta Ba

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau bakina a cike yake. Amma tun kafin mu yi nisa ina roƙon arziki: duk wadda ta ji haushina a tsakiyar labarin nan ta danne zuciyarta ta karanta har ƙarshe, domin ni ma na ji haushin kaina, har na fi ku ji.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni lauya ce, ƙarama, irin waɗanda ake ɗora wa fayil har ya rufe musu fuska a bi da su kotu. A gida Auta ake ce mini. A ofis kuwa ina ƙarƙashin wani bawan Allah, shugaban sashenmu, wanda a gabansa muke ce masa Barista, a bayan idonsa kuma Sai-An-Duba. Ni na raɗa masa sunan, kuma ban yi nadama ba.

Dogo ne, mai gilashi, kullum cikin baƙar kwat da nektaye ruwan bula, takalminsa kamar ka duba fuskarka a ciki. A kotu idan ya miƙe ya gyara baƙar rigarsa, shaida tun bai buɗe baki ba ya fara neman ruwan sha. Amma da zarar mun dawo ofis sai harshen nan ya naɗe. Ka nemi hutu, "Sai an duba." Ka kwana biyu kana rubuta hujjar ƙara ka kai masa, ya karanta, ya ɗaga gira, ya ce, "Akwai abin dubawa." Ba yabo, ba faɗa, ba e, ba a'a. Wata ƙwararriyar lauya da ta bar mu ta ce mini ranar da take kwashe kayanta, duk shekarun da ta yi da shi ba ta san ko yana mata kallon mai ƙwaƙwalwa ba ne ko daƙiƙiya. Haka mutanen kirki suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana tsaye yana mamaki.

Ranar da na fara aiki abu ɗaya ya koya mini, kuma ya faɗe shi a fili ba kwana-kwana: "Barista, kada ki taɓa yi wa shaida tambayar da ba ki san amsarta ba." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

To, mutumin nan sona yake. Kada ku tambaye ni yadda na sani, mace ta sani kawai. Kullum bayan magariba wayata sai ta yi ƙara:

"Barista, ana fata an isa gida lafiya. Ba sai an amsa ba."

Ranar da mura ta kama ni na iske zuma da lemon tsami a teburina, sai ga saƙo: "An bar wasu abubuwa a tebur. Wanda ya bari ba ya buƙatar godiya." Ranar da na yafa koren mayafina mai ɗigon zaiba a kan baƙar doguwar riga, ya shigo ofishinmu ya fi a ƙirga yana neman fayil ɗin da ke hannunsa. Da yamma ya rubuto: "An lura da mayafin yau. Babu ƙorafi."

Babu ƙorafi! Ni da na ɓata rabin safiya a gaban madubi.

A ɗaya gefen kuma akwai mai kemis na bakin layinmu. Yaro mai hankali, ba abin da zan ce ya yi mini. Shi a zuwansa na biyu ya dube ni ya ce, "Ina son ki, kuma aure nake nufi." Shi ke auna wa Baba jini, shi ke tuna wa Umma lokacin maganin ƙafarta, har ta kai idan an ambace shi a gidanmu Umma sai ta gyara zama kamar an ambaci ɗanta na cikinta. Matsalar ɗaya ce, idan ya turo saƙo ina iya gama wanke-wanke kafin in duba.

Farkon makon nan ina ɗakin Umma ina goge farar kwalata ta kotu, tana ninke wanki a bakin gado, sai Baba ya yi gyaran murya daga ƙofa.

"Auta, yaron nan mai kemis ya ce manyansa na son zuwa ranar Asabar. Ni ba zan yi miki dole ba. Idan akwai wani a ranki, ya fito mu san shi. Idan babu, kada mu riƙa ja wa yaron mutane rai."

Ya juya abinsa. Na tsaya da dutsen guga a hannu har na ji ƙaurin kwalar.

Umma ta ce, "Akwai ko babu?"

"Umma, akwai... kamar akwai."

"Mene ne kuma kamar? Miƙo wayar nan in gani."

Ta ɗora gilashinta a karan hanci ta riƙa bin saƙonnin tana motsa leɓe. Can ta ɗago.

"Auta, wannan saurayi ne ko sanarwar hukumar ruwa? An lura, an bari, ana fata. Wane ne an ɗin? Shi ba shi da baki?"

"Umma, haka lauyoyi suke."

"To ni ban haifi 'yar da za ta auri 'an' ba. Ki je ki ji ta bakinsa."

In ji ta bakinsa? Ni in je in tambayi namiji ko yana sona? Allah ya kiyaye. Amma ai ba a banza na yi karatun lauya ba. Washegari da safe na tsaya a teburin Anti Sakatariya, na sunkuya na rage murya.

"Anti, zan gaya miki wani abu, amma don Allah tsakaninmu. Ranar Asabar za a zo neman aurena."

Ta dafe ƙirji ta rantse ba mai ji. Kafin azahar har mai gadi ya yi mini murna. Sai-An-Duba kuwa ya wuce ta gabana da kofin shayi, ya yi tuntuɓe da kafet ɗin da ya shekara yana takawa. Da yamma saƙonsa ya shigo daidai lokacinsa: "An ji wani labari. Ba a tabbatar ba." Na kifa wayar a kan filo na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma na ji kamar in yi kukan gaske.

Ana cikin haka sai ga taron ranar Alhamis. Tsoho, wato mai ofishin gaba ɗaya, ya gaji da rasa ma'aikata, ya gayyato wata tsohuwar alƙaliya da ta yi ritaya ta koya wa shugabannin sassa yadda ake magana da na ƙasa da su. Aka tara mu a ɗakin taro, ga dogon tebur, ga jerin jajayen littattafan shari'a da ba mai buɗewa sai mai shara, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga a bokiti. Ni na ci ado daidai gwargwado, baƙin siket, farar riga, da koren mayafin nan da babu ƙorafi a kansa.

Mai Shari'a gajeriya ce, da sandarta, muryarta kuwa ba ta buƙatar lasifika. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Na shekara da shekaru ina sauraron ku daga kan kujera. Ku lauyoyi kun iya magana da alƙali, kun iya magana da shaida, amma ba ku iya magana da wanda ke ɗauke muku fayil ba. A kotu kuna tambaya ne don ku kama mutum. Sai ku dawo ofis da wannan halin, yaronku ya shigo, ku yi masa kallon wanda ake tuhuma."

Ta ci gaba:

"Idan za ka gaya wa ma'aikacinka magana, ka fara da ita, kada ka zagaya da shi gari. Kuma ka sa kanka a ciki. Ban son jin 'an ga', 'an yanke shawara'. Wa ya gani? Ka ce na gani. Aiki ya yi kyau, ka ce ya yi kyau, bakinka ba zai tsage ba. Bai yi ba, ka faɗi inda bai yi ba, mutum ya san abin gyara. Abin da ya fi muku wuya kuwa, shi za mu gwada yau: kowane shugaba zai yi wa na ƙasa da shi tambayar da bai san amsarta ba, sannan ya rufe bakinsa ya saurara."

Na saci kallon Sai-An-Duba. Wallahi sai da ya sassauta nektaye.

Ta ce kowane shugaba ya ɗauki wanda ke zaune daura da shi. Wanda ke daura da shi wani abokin aikina ne mai yawan atishawa. Na taɓa shi na ce a hankali, "Sanyin nan a kanka yake sauka, dawo nan kada ya kwantar da kai." Ya yi ta godiya muka yi musanya. Allah ya yafe mini, kujerata ta fi tasa sanyi.

Mu ta fara kira gaban jama'a. Ya gyara gilashi ya dube ni kamar ina akwatin shaida.

"Barista, kin shigar da takardun ƙarar nan jiya, ko ba haka ba?"

Sanda ta bugi ƙasa. "Ka san amsa. Sake."

"Barista, za ki yarda da ni cewa aiki a sashen nan yana tafiya daidai?"

"Ka sa mata amsa a baki! Da a kotuna ne da na ci ka tara. Sake."

Gumi ya tsattsafo masa a goshi cikin wannan sanyin. Mutumin da ke sa manyan 'yan kasuwa in'ina, yau ga shi yana haɗiyar yawu a gaban ƙaramar lauya. Na sunkuyar da kai kamar mai tausayi, alhali cizon leɓe nake kada dariya ta ƙwace.

Mai Shari'a ta girgiza kai. "Kunyar idon jama'a ce. Kowa ya tafi ofishinsa da abokin gwajinsa, a bar ƙofa a buɗe, zan zagayo."

Ofishinsa ƙal-ƙal kamar ba a aiki a ciki, alƙaluma a jere bisa tsayi, hular kotu a kan ƙugiya. Bai zauna bayan tebur ba, ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan da ni.

"Barista," ya ce, "me ya sa mutane ke barin sashena?"

Ban zaci wannan ba. Muryarsa ba ta kotu ba ce, ta mutumin da abu ya dame shi ce. Dariyar da na shigo da ita ta gudu.

"In faɗi gaskiya, ranka ya daɗe?"

Ya ɗaga kai, kuma ya yi shiru kamar yadda aka koya masa.

"Ba don aiki ya yi yawa ba ne, kuma ba don ba sa ganin girmanka ba. Ba ka ba mutum amsa. Kana tsoron ka ce e a kama ka da ita, kana tsoron ka ce a'a a ji haushinka, sai ka bar mutum a rataye. Wanda ya kawo maka aikin da ya zuba ransa a ciki, ka ce masa sai an duba, ya koma teburinsa bai san matsayinsa ba. Yau haka, gobe haka, wata rana sai ya tattara ya tafi inda za a ba shi amsa, ko da mai ɗaci ce."

Ya cire gilashin ya goge, ya mayar.

"An ji... Na ji. Na gode. Hujjar da kika rubuta makon jiya ta yi kyau ƙwarai, ko waƙafi ban canza ba. Tun ranar ya kamata in gaya miki."

Ku ji wani sanyi da ya ratsa ni. Ashe bakin nasa bai tsage ba.

"Akwai wata tambayar," ya ce. "Na ji ranar Asabar za ku yi baƙi."

"Wannan ba tambaya ba ce, Barista."

"Haka ne." Ya ja numfashi. "Ban san amsar wannan ba, kuma tunda nake ban taɓa yin irinta ba. Ina son ki. Idan na ce zan zo wurin Baba kafin su, kina so in zo?"

'Yan uwa, a nan ne shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Zuciyata na ihun e, e, e, amma sai na tuna zuma, na tuna "babu ƙorafi", na tuna duk daren da na kwana ina juya saƙonsa kamar mai neman hujja a fayil. Na ce a raina, bari ya ɗanɗana ko na minti ɗaya ne. Na gyara mayafi, na ɗaga gira irin tasa, na ce:

"Sai an duba."

Jira nake ya yi dariya in bi shi da amsar gaske. Bai yi ba. Fuskarsa ta koma irin ta kotu, a rufe ruf. Ya miƙe ya gyara maɓallin kwat.

"Na fahimta. Na gode, Barista."

Kafin in ce wasa nake, sai ga ƙwanƙwasar sanda a ƙofa. "Yaya, an yi tambayar?" Ya ce, "An yi, ranki ya daɗe," ya bi ta gefenta ya fice. Mai Shari'a ta dube ni ta saman gilashi, kallon da ya sa na ji kamar ni ce a akwatin masu laifi.

Magariba ta yi, ta wuce. Wayata shiru. Na duba ko kati ne ya ƙare, na kashe na kunna, na fita tsakar gida ina ɗaga ta sama kamar mai neman sabis. Umma na kallona daga ƙofar kicin har ta gaji ta ce in zo in faɗa mata abin da na ɓata. Na faɗa.

Ta ajiye ludayi. "Wato bawan Allah ya yi ta maza ya buɗe baki, ke kuma kika rufe naki. Ke da kika gama yi masa wa'azin a ba mutum amsa?"

"Umma, wasa fa nake."

"Ke da ya yi miki irinsa, daɗi kika ji?"

Na shige ɗaki na ɗauki waya. Na rubuta, "Ba a hana zuwa ba." Na karanta, kunya ta kama ni, na goge. Na rubuta, "Ana iya sake duba maganar ɗazu." Na goge. Ashe ciwon da nake masa dariya a kai ni ma ina ɗauke da shi, kawai nawa mayafi yake yafawa. Faɗin magana a fili tsoro ne da shi, domin idan ka faɗa ba ka da wurin ɓuya. A ƙarshe na runtse ido na rubuta:

"E. Ina so ka zo. Ni na ce."

Na tura. Alama ɗaya ta fito, saƙo bai shiga ba. Na kira, waya a kashe.

Ranar Juma'a na riga mai shara zuwa ofis. Ƙofarsa a kulle. Anti Sakatariya ta ce ai tun jiya ya karɓi shari'ar wani gari da ba tasa ba ya tafi, bai ce ga ranar dawowa ba. Wato ya tattara ya tafi, daidai yadda na bayyana masa da bakina. Ranar ko layi ɗaya ban iya karantawa ba, ina buɗe fayil sai in ga alama ɗaya tana kallona.

Asabar da hantsi Umma ta sa an share falo, an canza labule, an jera kofunan baƙi a tire. Ni ina ɗaki da tsohuwar doguwar rigar barci da ɗankwali a karkace, ko hoda ban shafa ba. Baba ya aiko a kira ni. Na durƙusa gefen kujerarsa, wayata a dunƙule a hannu.

"Auta, lokaci ya yi. Akwai wani ko babu?"

Bai san amsa ba, kuma ya yi shiru yana jira, shi da bai taɓa zama ajin Mai Shari'a ba. Na duba wayar a ɓoye. Alama ɗaya. Ba ni da hujja, ba ni da shaida, mutumin ma ban san garin da yake ba. Idan na ce akwai bai zo ba, na kori mai sona na kunyata Baba a gaban mutane. Lauyar da ke cikina ta ce in ce a ɗan ƙara mini lokaci.

"Akwai, Baba."

"Zai zo?"

"Ban sani ba. Amma shi nake so."

Baba ya gyaɗa kai ya laluba aljihu. "To, bari in kira mutanen nan in ba su haƙuri tun ba su taso ba."

Yana neman lambar ke nan wayata ta yi ƙara a tafin hannuna, har na kusa yar da ita. Saƙon Sai-An-Duba ne.

"Yanzu na kunna waya. Tun asuba na taso, na ce ko a'a ce gara in ji ta a gaban Baba. Ina ƙofar gidanku. Ni na zo, ba 'an' ba. Sai dai akwai wata mota a gabana."

Kafin in gama karantawa aka buga ƙofar gida, sallama biyu suka haɗu, ɗaya ta dattijai, ɗaya kuma muryar da ke sa shaida neman ruwa, yau tana rawa. Baba ya tsaya da waya a kunne. Umma ta ɗaga labule ta leƙa, ta saki, ta sake ɗagawa.

"Innalillahi. Auta, ga kawunnan mai kemis da manyan riguna, ga kuma wani dogo a bayansu ya shaƙe wuya da nektaye ranar Asabar. Wa za a ce ya fara shigowa?"

Ɗankwalina na zamewa, amma wannan karon ban tsaya dubawa ba.

"Mai nektayen, Umma."